Ku Tambayi Mai Gyara: Maus Da Yadda Ake Jona Shi Da Kwamfuta

Assalamu alaikum masu karatu. A wannan fitowa na tattara saƙonnin da suka shafi maus, wato abin da ake jan kibiyar allon kwamfuta da shi, wuri guda, domin sun taru da yawa a hannuna. Da na zauna na karanta su a jere, sai na ga yawancinsu ba lalacewar kaya ba ce. Mutum ne ya sayo abin da bai dace da ramin da ke jikin kwamfutarsa ba, ko da teburin da zai ɗora shi a kai, ko da hannunsa. Na taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Na sayi maus marar igiya wata huɗu da suka wuce. Ɗan ƙaramin abin nan da ake sokawa a jikin laftof ya ɓace mini tun ranar da muka kwashe kaya zuwa sabon ofis. Shi maus ɗin lafiyarsa ƙalau, fitilarsa na kamawa. Zan iya sayen wani in sa masa, ko shi ke nan na yi asara? (Malamar sakandare, Gusau)

Amsa: Malama, kafin komai ki kifa maus ɗin ki buɗe murfin batir. A gefen batirin akwai wani ɗan rami da aka yi musamman don ajiye wannan abin, wanda a kasuwa muke kira risiba, wasu kuma su ce dongul. Mai yiwuwa wanda ya taya ki kwashe kaya ya mayar da shi can don kada ya faɗi. A bara wani bawan Allah ya shigo shagona ransa a ɓace, riƙe da kwali, yana cewa an sayar masa da maus babu risiba, zai koma a ba shi kuɗinsa. Na zare murfin da farcena, sai ga shi a maƙale, ko ledar da ke kan batirin ba a cire ba. Don haka ki fara dubawa a nan.

Idan babu shi, to ga yadda abin yake. Maus mai risiba yana magana da risibarsa ne ta igiyar rediyo mai zangon gigahaz 2.4, kuma tun daga masana'anta ake ƙulla su biyun. Kamar kwaɗo ne da ɗan mabuɗinsa. Ko kin sami risibar wani maus iri ɗaya, kamfani ɗaya, launi ɗaya, galibi ba za su gane juna ba. Da ba a yi haka ba, da a ofis mai mutum goma maus ɗin kowa zai riƙa jan kibiyar maƙwabcinsa.

Akwai mafita biyu. Ta farko, idan na kamfanin Logitech ne, ki duba cikinsa ko akwai wata 'yar alama ruwan lemo mai kama da tauraro. Wannan shi ne tsarin da suke kira Unifying. Risibarsa ana sayar da ita daban, kuma guda ɗaya tana iya ɗaukar na'ura har shida, maus da kibod duka, sai dai ki sauke 'yar manhajarsu ki ƙulla su da kanki. Ki kula, suna da wata sabuwar risiba mai suna Bolt da ta fito a 2021, alamarta daban, kuma ba ta aiki da maus ɗin Unifying. Ki tafi kasuwa da maus ɗin a jaka, a gwada a gabanki.

Ta biyu, ki duba ko akwai alamar Bluetooth a ƙasansa, ko wani ɗan maɓalli mai lamba 1 da 2. Yawancin masu ɗan tsada hanya biyu gare su. In haka ne, ba ki buƙatar risiba ko kaɗan. Ki kunna Bluetooth a laftof, ki danne ɗan maɓallin da ke ƙasan maus ɗin har fitilar ta fara ƙiftawa da sauri, sunansa zai fito a jerin na'urori, ki zaɓe shi.

In kuwa irin marar suna ne mai araha, babu alamar ko ɗaya cikin biyun, gaskiya kada ki ɓata kuɗin mota. Ki cire batirin don kada ya zubo, ki sayi wani. Sabon kuma ki bar risibarsa a jikin laftof koyaushe, ƙarama ce ba ta hana shiga jaka.

Tambaya: Laftof ɗina ramin USB biyu kawai gare shi. Ɗaya modem ne a ciki kullum, ɗaya kuma na filas. Wane maus zan saya, mai igiya, mai risiba ko mai Bluetooth? (Ɗalibin jami'a, Maraɗi)

Amsa: Ƙanena, a halin da kake ciki Bluetooth ne ya fi dacewa da kai, tunda shi kaɗai ne ba zai cinye maka rami ba. Amma ka tabbatar laftof ɗin yana da shi kuma yana aiki, domin na sha ganin na hannu da aka sake wa Windows aka bar direban Bluetooth, wato 'yar manhajar da ke sa shi aiki, ba a sa ba. Ka gwada haɗa shi da wayarka ko lasifika tukuna. In ya gan su, zai ga maus.

Sai dai in faɗa maka aibinsa don kada ka zo ka ce ban faɗa ba. Maus ɗin Bluetooth yakan yi barci don tattalin batir, in ka daɗe ba ka taɓa shi ba sai ya ɗauki daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin ya farka. Wannan ba ciwo ba ne, halinsa ne. Babban aibin shi ne sai Windows ta gama tashi yake fara aiki. Ranar da kwamfutarka ta ƙi tashi, ko kana son shiga BIOS, wato saitunan da ake shiga kafin Windows ta tashi, ko kana sake mata Windows, a mafi yawan kwamfutoci ba zai yi maka komai ba. Mai risiba ba shi da wannan matsala, domin ita kwamfuta kallon maus mai igiya take yi masa. Kana sokawa ya kama.

Shi ma mai risiba da nasa. In ka leƙa ramukan USB ɗinka za ka ga wani cikinsa shuɗi ne, wato USB 3.0. Idan aka jona hadis (ma'ajiyar fayil ta kwamfuta) ko filas mai gudu a irin wannan rami, yakan fitar da hayaniyar lantarki a daidai zangon da risiba ke amfani da shi. Kamfanin Intel ma ya fitar da bayani a kan haka a 2012. Alamarsa ita ce kibiya ta riƙa tsalle ko tana maƙalewa duk lokacin da kake kwafar fayil. Maganinsa ka mayar da risibar ɗaya gefen laftof ɗin, nesa da filas.

Ni dai a teburin aikina mai igiya nake ajiyewa, baƙi, igiyar ma har ta koɗe. Ba ya neman batir, ba ya barci, ba ya ɓacewa, kuma duk kwamfutar da aka kawo mini, tsohuwa ko sabuwa, yana kama ta. Da ramukanka uku ne da shi zan ce ka saya. Ko a haka ma kana iya sayen abin raba rami da ake kira hob, wanda ke mayar da rami ɗaya huɗu. Maus ba ya jan wuta sosai, ba zai wahalar da shi ba. Illa dai igiyoyi za su yi maka yawa a teburin aji.

Maganar batir: ka sayi alkalin, ko wanda ake caji. Batirin tocila mai araha yana saurin mutuwa, in ya daɗe a ciki kuma ya zubo da farin gishiri ya cinye ƙarfen da yake taɓawa. Maus da yawa da aka kawo mini a matsayin matattu, kankare wannan gishirin kawai na yi suka tashi. In za ka yi hutu mai tsawo ka zare batirin.

Tambaya: Ɗana, ina da tsohuwar kwamfutar tebur tun ina aiki, da ita nake rubuta tarihin gidanmu. Maus ɗinta mai zagayayyen kai ne kore, ya daina aiki. Jikana ya sayo mai faffaɗan kai da wani ɗan koren mahaɗi, mun sa amma shiru. Ko kwamfutar ce ta tsufa? (Tsohon ma'aikacin gwamnati, Katsina)

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya ba da ikon kammala wannan aiki. Kwamfutar ba ta gaza ba tukuna. Wannan zagayayyen ramin sunansa PS/2, kamfanin IBM ne ya fito da shi a 1987 a jikin wasu kwamfutocinsa masu wannan suna. Biyu ne a jere a bayan akwatin: kore na maus, mai ruwan shanshanbale na kibod. Girmansu ɗaya, shi ya sa ake yawan musanya su, kuma in aka musanya babu wanda zai yi aiki.

Abu na farko da ya kamata a sani game da wannan rami shi ne ba a jona masa abu kwamfuta na kunne. Lokacin tashi kawai take duba ko akwai maus a wurin. In ba ta gan shi a lokacin ba, ko an sa daga baya ba za ta kula shi ba. Saboda haka a kashe ta gaba ɗaya, a jona, sannan a kunna. Mai yiwuwa wannan kaɗai ne abin da ya hana.

Na biyu, wannan ɗan koren mahaɗin babu wata dabara a cikinsa, wayoyi ne kawai aka karkatar daga wannan baki zuwa wancan. Yana aiki ne idan shi kansa maus ɗin an ƙera shi da sanin yaren ramukan biyu. Na da, waɗanda ake sayarwa da mahaɗin a cikin kwali, sun san duka biyun. Yawancin na yanzu USB kaɗai suka sani, don haka ko an sa mahaɗin aikin banza ne.

Hanya mafi sauƙi, Baba, a ajiye mahaɗin. A sa jikan ya juya akwatin ya duba bayansa da tocila. Tun 1996 aka fito da USB, kuma da wuya a sami kwamfutar da aka yi daga wajejen 2000 zuwa yau da ba ta da waɗannan faffaɗan ramukan, ko da biyu ne a ƙasan na kibod. A soka sabon maus ɗin kai tsaye a nan. In Windows XP ce ko wadda ta biyo bayanta, za ta gane shi da kanta cikin ɗan lokaci. A fi amfani da na baya, domin na gaba a tsofaffin akwatuna sau da yawa wayarsu a cire take daga ciki.

Kafin a yar da tsohon ma, a leƙa cikin kansa. Akwai 'yan allurai shida da wani ɗan tsinken roba a tsakiya. In an taɓa tura shi a karkace, allura ɗaya takan lanƙwashe ta kwanta. Ana miƙe ta a hankali da bakin matsefata. Na ceto da yawa ta haka. In kuma ramin da ake magana mai kusurwa ne da allurai tara da dunƙulen sukurori biyu a gefe, wannan shi ne siriyal, ya girmi PS/2, kuma sai a wajen masu tsofaffin kaya ake samun maus ɗinsa.

Wata alfarma nake roƙo, Baba: a kwafe wannan rubutu a filas, a kuma buga shi a takarda. Maus ana sake shi, amma hadis ɗin tsohuwar kwamfuta ba ya sallama kafin ya tafi.

Tambaya: An canja mana tebur a ofis zuwa mai gilashi a sama. Tun daga ranar kibiyar ba ta tafiya daidai, wani lokaci ta tsaya cik. Na canja maus sau biyu. (Sakatariya, Kaduna)

Amsa: Hajiya, ko kin canja sau goma haka za ki gani, domin laifin teburin ne. Bari in ɗan koma baya don ki ga dalili.

Lokacin da na fara aiki a shagon buga takardu, maus ɗinmu duk masu ƙwallo ne. A cikinsu akwai ƙwallon ƙarfe mai nauyi da aka lulluɓe da roba, yana gogar wasu 'yan sanduna biyu, ɗaya na lissafa tafiyar hagu da dama, ɗaya ta sama da ƙasa. Da hunturu ya kama, ƙura ta sauka a kan tebur, sai ƙwallon ya riƙa kwasarta yana shafa wa sandunan har ta zama wani baƙin zobe mai tauri kamar ƙanzo. Duk ranar Asabar kafin mu buɗe, sai in murɗe zoben da ke riƙe ƙwallon, in zazzage shi a tafin hannu, in bi sandunan da tsinken ashana ina kankarewa. Kibiyar da jiya take tirjiya sai ta koma tafiya sumul. Wannan maus ɗin bai damu da gilashi ba, shi dai ƙwallon ya sami abin kamawa.

Na yanzu ba ƙwallo, ido gare shi. Jar fitilar nan da kike gani tana haska fuskar tebur ne daga gefe, wata 'yar mitsitsiyar kamara kuma tana ɗaukar hoton wurin fiye da sau dubu a daƙiƙa guda. Sai ya riƙa gwama hoton yanzu da na baya, ya ga inda 'yan ƙuraje da zanen katako suka matsa, da haka yake gane inda hannunki ya nufa. Irin wannan ya bazu ne daga 1999, lokacin da Microsoft ya fito da IntelliMouse Explorer. To shi gilashi ba shi da ƙurji ko zane, haske wucewa yake yi ta cikinsa. Maus ɗin ya duba bai ga komai ba, sai ya tsaya. Haka yake yi a kan madubi, da fomaika mai sheƙi, da bangon mujalla mai santsi.

Akwai mai amfani da hasken leza a madadin jar fitila, wanda Logitech ya fara sayarwa a 2004. Ya fi iya karanta wuri mai santsi, amma shi ma tsantsar gilashi na ba shi wahala. Daga baya, a 2009, kamfanin ya fito da wata fasaha mai suna Darkfield da ke aiki a kan gilashin da kaurinsa ya kai milimita 4. Tana aiki ƙwarai, sai dai kuɗinta ya ninka na maus ɗin ofis sau da yawa, ban kuma ga dalilin da zai sa ki saye ta ba. Ki sami shimfiɗar maus mai yadi a sama da roba a ƙasa, baƙa ko mai duhu, marar hotuna masu ƙyalli. Yau ɗin nan ma ki sa farar takarda ko bangon fayil na kwali ki gani.

Ki riƙa hure idon da ke ƙasa lokaci-lokaci, gashi guda ɗaya in ya maƙale a wurin ya isa ya haukata kibiya. Kuma in kin kifa wani maus ba ki ga haske ba, kada ki ce ya mutu. Masu leza da wasu marasa igiya haskensu ido ba ya gani.

Tambaya: Me ya sa ake ce masa ɓera? Kuma mene ne sunansa na Hausa? (Ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, Azare)

Amsa: Ɗana, na ji daɗin tambayarka. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Douglas Engelbart ne ya ƙirƙiro shi a cibiyar bincike ta Stanford da ke Kalifoniya, abokin aikinsa Bill English kuma ya haɗa na farko a 1964. Ɗan akwatin katako ne mai tayoyin ƙarfe biyu a ƙasa da maɓalli ɗaya a sama. Igiyarsa ta baya take fitowa kamar wutsiya, sai mutanen ɗakin binciken suka riƙa ce masa maus, wato ɓera da Turanci, sunan kuma ya bi shi. Ranar 9 ga Disamba 1968 Engelbart ya nuna shi a bainar jama'a a birnin San Faransisko. Amma bai shiga gidajen mutane sosai ba sai da kamfanin Apple ya fito da kwamfutar Macintosh a 1984.

A rubuce-rubucen Hausa za ka ga ana cewa linzamin kwamfuta. Ni wannan suna ya fi kwanta mini, domin shi aikin abin ya duba, ba siffarsa ba: kamar yadda mahayi ke juya doki da linzami, haka kake juya kibiya. A kasuwa kuwa maus kowa ke cewa, in ka je saye haka za ka faɗa a gane ka da wuri.

Tambaya: Wayata ta faɗi, gilashin ya tsage. Tana nuna hoto amma ba ta jin taɓi. Hotunan mahaifiyata marigayiya suna ciki. An ce maus na iya buɗe ta, gaskiya ne? (Ɗan kasuwa, Zangon Kumasi)

Amsa: Allah ya jiƙan Mama, ya sa Aljanna ce makomarta. Gaskiya ne, ɗan'uwa, in wayar Android ce kuma tana nuna hoto kamar yadda ka ce. Abin da kake buƙata ɗan mahaɗi ne da ake kira OTG, masu sayar da caja duk suna da shi. Baki ɗaya yana shiga ramin cajin waya, ɗaya bakin kuma faffaɗan ramin USB ne. Ka duba irin ramin wayarka, ko tsohon nan mai gefe ɗaya ne ko Type-C mai shiga ta kowane gefe, ka sayi daidai shi.

Ka fara cika wayar da caji, domin maus ɗin daga batirinta zai sha, kuma ramin caji zai kasance a toshe. Sannan ka jona maus mai igiya, ko risibar marar igiya. Mai Bluetooth ba zai yi ba, tunda sai an taɓa waya ake ƙulla shi. Za ka ga 'yar kibiya ta bayyana. In lambobi ne mabuɗinka, ka danna su ɗaya bayan ɗaya. In zane ne, ka danne maɓallin hagu, ka ja zanen ba tare da ka saki ba sai ka kai ƙarshe. Ka yi a natse, kuskure da yawa na sa waya ta kulle na wani lokaci.

Da ta buɗe kada ka tsaya kallon komai. Ka tura hotunan zuwa katin memori, ko Google Drive, ko wata wayar. Akwai wayoyin da sai an kunna OTG daga cikin saituna, in taka irinsu ce kuma a kashe yake, kibiyar ba za ta fito ba. A nan sai ka kai wa mai gyara ya jona mata wani gilashin na ɗan lokaci. Ka gaya masa da bakinka, ka maimaita, cewa kada ya yi mata filashin, wato sake mata manhaja gaba ɗaya, domin wannan shi ke share komai.

Tambaya: 'Yata za ta rubuta JAMB, ba ta taɓa riƙe maus ba. Hankalina a tashe yake. (Uwa, Birnin Kudu)

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Tun 2015 ake yin wannan jarrabawa da kwamfuta zalla, kuma hukumar ta tanadi yadda za a amsa da kibod ko ba a taɓa maus ba: A, B, C, D don zaɓar amsa, N don zuwa tambaya ta gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki. Ta karanta umarnin da ke kan allo da kyau a ranar, kuma kada yatsanta ya je kusa da S sai ta gama.

Duk da haka ina so ta koya, domin tsoron abin ya fi rashin iyawar cutarwa. Kwana uku sun isa, awa guda kullum, a kowane shagon kwamfuta. Ta ɗora tafin hannu a kansa, manuniya a maɓallin hagu, ɗan tsakiya a na dama, gindin hannu a kan tebur. Kurakurai biyu nake gani wajen sababbi. Suna ƙanƙame shi, sai wajen dannawa hannu ya motsa kibiya ta kauce. Sannan in sun kai bakin tebur sai su tsaya, ba su san ana ɗaga shi a dawo da shi tsakiya ba, kibiya kuma tana nan inda take. A buɗe mata manhajar Paint ta rubuta sunanta, ta zana da'ira. In ta iya wannan ta gama. In akwai hali kuma ta zauna jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa. Allah ya ba ta sa'a.

Tambaya: Aikina zanen fosta da katin biki, ina wuni a kan kwamfuta. Wuyan hannuna na dama na ciwo, wani lokaci har kafaɗa. (Mai zane, Kano)

Amsa: Ɗan'uwa, ina zargin ɗan ƙaramin maus ɗin nan na tafiya kake wuni da shi, wanda yatsu kaɗai ke riƙewa. Ba don aikin yini aka yi shi ba. Ka nemi wanda ya cika tafin hannunka. Akwai kuma mai tsayuwa, wanda ake riƙewa kamar ana musabaha, hannu ba ya murɗewa ya kifu. Kwana biyu na farko za ka ji baƙunta, daga nan ka saba. Akwai wani ma da ba ya motsi sam, ƙwallo ne babba a samansa kake juyawa da babban yatsa, yana hutar da kafaɗa, amma ga aikin zane mai bin layi ban cika ba da shawararsa ba.

Ka duba ko naka yana da ɗan maɓallin DPI a bayan tayar tsakiya. Shi ke ƙayyade nisan da kibiya za ta yi in ka matsa hannu. Daga 1000 zuwa 1600 ya ishi yawancin aiki. In ya yi ƙasa sosai za ka yi ta sharar tebur da hannu, in ya yi sama kuma ka yi ta ɗaure jijiya don ka saita. Ka matso da maus kusa da kibod, gwiwar hannu kusa da jiki, kujera kuma ta kai tsayin da hannu zai kwanta a miƙe. Ka riƙa tashi kana miƙe yatsu.

In kuwa kana jin dindiris ko tsira-tsira a babban yatsa da manuniya da na tsakiya, musamman da dare, wannan ya wuce shagona. Ka je asibiti, kada ka jinkirta.

Tambaya: In na danna sau ɗaya sai ya yi kamar na danna sau biyu. Bairos ne? (Ma'aikaciyar kanti, Damagaram)

Amsa: Da wuya, 'yar'uwa. Ki gwada shi a wata kwamfutar, in ya yi haka a can ma to makunnin da ke ƙarƙashin maɓallin hagu ne ya gaji. Wani ɗan akwati ne da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, a cikinsa akwai siririn ƙarfe mai lanƙwasa wanda ke yin ƙarar nan ta ƙas. In ya tsufa ko ya yi tsatsa sai ya riƙa rawa wajen taɓawa, kwamfuta ta ƙirga biyu. In maus ɗin mai tsada ne, duk mai gyaran waya da ya iya dalma zai canja miki shi, ƙafafu uku ne kawai. Kada ma a sayi sabo: a ciro na maɓallin dama daga jikin wani mataccen maus, domin shi ba a cika danna shi ba, yawanci da sauran ƙarfinsa. Sukurorin buɗewa suna ɓoye a ƙarƙashin 'yan robobin santsi da ke ƙasa ko a bayan takardar lamba, ki ce ya ɗaga su a hankali don a iya mayarwa.